Amsar Takardun Masu Sauraro: Sarautar Galadiman Kano Da Waɗanda Suka Riƙe Ta

A wannan mako takardu biyu muka haɗa wuri guda, domin kusan abu ɗaya suke tambaya. Ta farko daga wani Alhaji ce, mai sayar da hatsi a Gyaɗi-Gyaɗi, yana cewa a yi masa bayani, shin sarautar Galadiman Kano gādo ce daga uba zuwa ɗa, kuma an taɓa samun Galadima biyu a lokaci guda kamar yadda aka gani a shekarar 2025? Ta biyu kuwa wani dattijo ne manomi ya sa aka rubuto masa daga Tarauni. Ya ce sun yi gardama a majalisarsu ta bayan la'asar har an kusa ɓatawa, wasu na cewa duk wanda ya zama Galadima shi ne Sarkin gobe, wasu na cewa ba haka ba ne.

To Alhaji, da kai Baba, mun gode da takardunku, Allah ya bar zumunci. Amsa a taƙaice ita ce, Galadima sarauta ce da ke hannun Sarki. Shi yake bayarwa, shi yake karɓewa, ba a gadonta kamar gona. Amma da yake ita ce kujerar da ta fi kusa da ta Sarki, kusan duk wata babbar rigima da aka yi a kan gadon sarautar Kano, in ka duba da kyau za ka ga rawanin Galadima a ciki. Bari mu bi labarin daga tushe.

Kalmar kanta, masana da yawa na ganin daga Barno ta zo mana, tare da 'yan'uwanta irin su Ciroma da Yarima. A ƙasar Barno Galadima shi ne mai riƙe da yammacin daula, mazauninsa Nguru. A nan Kano kuwa, littafin da ake dogara da shi shi ne Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, wani Bature mai suna Palmer ya juya shi zuwa Turanci a 1908, daga baya aka fitar da shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa Da Maƙwabtansu. Wannan littafi ya ambaci wani Galadima Mele tun zamanin Sarki Warisi, ɗan Bagauda, wato tun ƙarni na 11. Sunansa kawai aka kawo a jerin manyan fada, babu wani labari a kansa.

Inda muka fara jin muryar Galadima sosai shi ne zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438. Wani babban ɗan sarki daga Barno, ana ce masa Dagaci, ya zo da dawaki da tambura da tutoci da jama'a mai yawa, ya sauka a Bompai. Sarki ya rasa inda zai ajiye wannan baƙo. Galadima Babba ne ya ba da shawara cewa kada a kuskura a bar shi ya zauna a ƙauye, domin duk inda aka sa shi, nan gaba kaɗan shi zai mallake wurin, gara a jawo shi kusa inda ido zai riƙa ganinsa. Aka yi masa gida a Ɗorayi. Ka ji aikin Galadima na asali ke nan, mutumin da Sarki yake juyawa ya tambaya in al'amari ya ɗaure.

Sai kuma wanda sunansa ya bi sarautar har yau, wato Galadima Daudu, a zamanin Sarki Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452. Wannan zamani ne da ya kamata 'yan kasuwa su sani, domin a cikinsa ne littafin ya ce aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro, kuma aka fara mallakar raƙuma a ƙasar Hausa. Shi Daudu, Sarki ya bar shi a kudu yana yaƙi shekara bakwai, yana ta aiko da bayi a kai a kai. Da zai dawo, sai ya riƙa kafa garuruwa a kan hanya, har guda 21, kowanne ya zuba masa bayi dubu, maza da mata. Ya zo ya miƙa wa Sarki su duka, Sarki kuma ya mayar masa ya ce shi ne mai riƙonsu. Tun daga nan in ka ji maroƙa ko fadawa suna cewa Daudu, to Galadima suke nufi.

A nan bari in ɗan tsaya. Mu Hausawa muna son mu ji an ce wane ya kafa gari ashirin da ɗaya, sai mu ce kai, namiji. Amma waɗannan mutane da aka zuba a garuruwan, 'ya'yan wasu ne da aka raba da iyayensu, aka ba su fartanya suka noma abin da ba nasu ba. Arzikin fada na wancan zamani a kan irin wannan gumi ya tsaya, a rinji da gandu. Ku mutanen Gyaɗi-Gyaɗi ba sai an kai ku nesa ba, ga Gandun Albasa nan kusa da ku, yau gidaje ne da shaguna, amma sunan bai ɓoye abin da wurin yake a dā ba.

Da Muhammadu Rumfa ya hau a 1463, shi da ya gina gidan sarautar da ake ciki yanzu, ya kafa kasuwar Kurmi, sai ya tsara majalisar manya tara, wadda ake kira Tara ta Kano, Galadima na cikinsu. Waɗannan tara su ne masu shawara, kuma in Sarki ya rasu bakinsu yana da nauyi a kan wanda zai hau. To daga nan ne fa ƙarfin ya fara zama abin tsoro. A 1565, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Kisoki, ɗansa Yakufu ya hau. Bai cika wata biyar ba wani ƙasaitaccen bafade mai suna Guli ya tuɓe shi. Galadima Sara Katuniya ya ce bai yarda ba. Aka yi kwana 40 ana yaƙi a cikin birnin Kano, har Galadima ya rinjayi Guli ya kashe shi. Abin mamaki, da aka je a mayar da Yakufu kan gado sai ya ƙi, ya ce ya haƙura. An zubar da jini kwana arba'in saboda mutumin da ba ya ma son abin.

Akwai kuma wanda ya faru a ƙofar gidanku, Baba na Tarauni. A wajen 1652 Madawaki Kuma ya tuɓe Sarki Muhammadu Kukuna, ya ɗora Soyaki. Kukuna ya gudu Zazzau. Bayan wata uku sai wasu manyan gari, har da Galadima Wari, suka haɗa baki a asirce suka aika wa Kukuna ya dawo. Ya biyo ta Gaya, Sarkin Gaya ya mara masa baya. Madawaki ya fito da rundunar Kano ya tare shi, kuma ba a ko'ina aka haɗu ba sai a Hotoro. Nan mutanen Kano suka watse suka bar Madawaki shi kaɗai, ya sheƙa da gudu ya nufi gari yana cewa a rufe ƙofa, Kukuna ya riga rufewar ya shige, ya je ya fitar da Soyaki daga fada. Ya sake yin mulki har 1660. Saboda haka duk wanda ya bi ta Hotoro yau, cikin hayaƙin tankoki da manyan motoci, ya sani ya taka filin da aka taɓa yanke hukuncin sarautar Kano.

Irin wannan ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi shi ba. A Ingila, daidai zamanin Rumfa, an yi wani babban hakimi mai riƙe da ƙasar Warik, sunansa Ricad Nebil. Shi ya taimaka aka ɗora Sarki Edwad na huɗu a 1461, suka ɓata ya kore shi a 1470 ya mayar da tsohon Sarki, Henri na shida, sa'an nan a 1471 Edwad ya dawo aka kashe hakimin a fagen yaƙi. Har yau Turawa suna kiransa mai naɗa sarakuna. Sai dai akwai bambanci, kuma shi ne tambayar Alhaji. Su a can sarautar hakimi gādo ce tare da ƙasarta, tana bin jini, har ta wajen mace. Shi kansa Nebil ta hannun matarsa ya sami Warik a 1449, domin ita ce magajiyar gidan. A Kano ba a taɓa jin wanda ya zama Galadima don ya auri 'yar Galadima ba.

In kana neman sarautun da suka yi kama da na Ingila a nan, sai ka dubi na masu zaɓen Sarki tun bayan jihadi. Madaki na Yolawa ne, Makama na Joɓawa, Sarkin Bai na Dambazawa, sai Sarkin Dawaki Mai Tuta. Waɗannan suna da gidajen da aka san su da su. Galadima kuwa bayan jihadi wata hanya ya bi dabam.

Sarkin Kano na farko na Fulani, Malam Sulaimanu, Galadimansa shi ne Malam Ibrahim Dabo, shugaban Sulluɓawa. Da Sulaimanu ya rasu a 1819, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Dabo sarautar Kano. Ka ga Galadima na farko ke nan da ya zama Sarki a wannan zubi. Dabo ya naɗa wani mai suna Sani a kujerar da ya bari, sai ga shi Galadima Sani ne ya shiga zuga garuruwa su yi tawaye. Ƙasa ta ɗauka, daga Dambatta har Birnin Kudu da Ƙaraye. Sai da Dabo ya bi su gari gari da yaƙi kafin ƙasa ta kwanta. Darasin da gidan Dabo ya ɗauka shi ne, wannan kujera ta fi ƙarfin a bar ta nesa. Ta zama ta 'ya'yan Sarki da 'yan'uwansa, wato Galadima ya tashi daga mai zaɓe ya koma wanda ake iya zaɓa.

Amma ko a cikin gida ba ta zauna lafiya ba. Usman ɗan Dabo ya hau a 1846, Galadimansa ƙaninsa ne Abdullahi, uwa ɗaya uba ɗaya, 'ya'yan Shekara. Usman mutum ne mai sanyin hali da tausayi, har aka ce ɓarayi sun yi yawa a zamaninsa don ba ya son hukunci mai tsanani. Abdullahi kuwa wuta ne. Tarihin Kano ya nuna ƙarfin Galadima a lokacin ya kai na Sarki, har kamar ya fi. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, shi ma abin da ya lura da shi ke nan, cewa in kana da buƙata a Kano, Galadima za ka gani. Da Usman ya rasu a 1855, Abdullahi ya hau.

To wanda ya san daɗin kujera ya san haɗarinta. Abdullahi da ya zama Sarki bai bar wani Galadima ya yi irin ƙarfin da shi ya yi ba. Ya tuɓe Galadima Abdulƙadir. Ya naɗa ɗansa Yusufu, jarumi ne wanda ya yi fama da Ningawa, mutane suna sonsa, kowa ya ɗauka shi ne magaji. Sai aka shiga tsakaninsa da mahaifinsa, aka sa masa zargin yana gaggawar gado tun uban na da rai. Aka tuɓe shi, aka ba magatakardan Sarki, Malam Ibrahim Bazazzagi, wanda ba ɗan gidan ba ne sam. Alhaji, ka ga amsar tambayarka ta farko a fili. Da gādo ce, da ba a cire ɗan Sarki an ba malamin da ke rubuta wa Sarki takardu ba.

A ganina wannan tuɓewar ita ce mafarin masifar da ta zo daga baya. Abdullahi ya rasu a Karofi a 1882 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, shi ya sa ake ce masa Maje Karofi. Yusufu ba shi da rawani a lokacin, sai aka ba ƙanin marigayin, Muhammadu Bello. Shi kuma Bello ya shiga raba 'ya'yan wansa da sarautunsu ɗaya bayan ɗaya, alhali suna da yawa ƙwarai, ya ɗauki ɗansa Tukur ya ba shi Galadima don ya share masa hanya. Tukur ba rago ba ne, a yi masa adalci. A yaƙin Argungu ya nuna bajinta a gaban Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, har ya shiga ransa. Da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano, umurni ya zo masa cewa Tukur za a naɗa. Aka naɗa shi, mafi yawan gari ba su so ba.

'Ya'yan Maje Karofi suka fice daga birni tare da tsohon Galadima Yusufu, suka tafi Takai. In za ka je can yau, titin Maiduguri za ka bi, ta Hotoro da Mariri da Wudil. Wannan shi ne Yaƙin Basasa, Yusufawa da Tukurawa, tsohon Galadima da sabon Galadima, 'ya'yan wa da ƙani. Kowane ɓangare yana naɗa nasa masu sarauta, saboda haka Alhaji, rawani biyu a kan suna ɗaya ba a 2025 aka fara ganinsa a ƙasar Kano ba. Yusufu bai ga ƙarshen abin ba, ya rasu a Garko a 1894, jama'arsa suka bi ƙaninsa Aliyu Babba, wanda mahaifiyarsa 'yar Sarkin Musulmi ce. Aliyu ya ci Kano a cikin shekarar, Tukur ya fita ya nufi ƙasar Katsina, aka ci masa a Tafashiya a 1895, a wannan shekara ajalinsa ya kasance.

Wa ya biya kuɗin wannan rigima? Talakan ƙauye. Garin da ya bi wannan ɓangare, wancan ya zo ya ƙone shi, a kwashe rumbuna, a kama mutane 'ya'yan Musulmi a sayar. Fatake suka daina bin hanyoyin da suka saba. Shekara takwas bayan haka, a watan Fabrairu na 1903, Turawa suka shigo Kano, suka tarar da gidan da bai gama warkewa ba.

Ya kamata manoma su san yadda riƙon ƙasa yake kafin zuwan Turawa, domin shi ne ainihin abin da ake faɗa a kai, ba rawanin kawai ba. A dā Galadima da sauran hakimai a birni suke zaune, gidan Galadima yana unguwar da har yau ake kira Galadanci. Garuruwan da yake riƙe da su ba a haɗe suke ba, ɗaya nan ɗaya can. Jakadu yake aikawa su karɓo kuɗin ƙasa, da kuɗin shuka, da kuɗin rafi a wurin masu lambu, da kuɗin karofi a wurin marina, ya ɗebi rabonsa ya kai wa Sarki saura. Jakadan ma ba ya dawowa hannu wofi. Saboda haka in an tuɓe Galadima, ba mutum ɗaya aka tuɓe ba, an tuɓe barorinsa da jakadunsa da duk mai ci a ƙarƙashinsa. Turawa, a wajen 1908, suka yanka ƙasa gunduma gunduma, suka ce kowane hakimi ya fita ya zauna a tasa, daga baya aka sa musu albashi daga baitulmali. Tun daga nan Galadima ya zama ma'aikacin En'e, ba shi da rundunar kansa.

Yanzu ga taka tambayar, Baba. Mu ƙidaya tare. Tun daga Dabo, waɗanda suka tashi daga Galadima suka zama Sarki su ne shi Dabo, da Abdullahi Maje Karofi, da Tukur, sai Muhammadu Inuwa ɗan Sarki Abbas, wanda ya daɗe yana Galadima yana riƙe da Dawakin Kudu, ya hau a 1963 bayan murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya, ya yi kamar wata shida Allah ya yi masa rasuwa. Huɗu ke nan. Amma Abbas, wanda Turawa suka naɗa a 1903, Wambai ne. Usman na biyu shi ma Wambai ne. Abdullahi Bayero da ya hau a 1926 Ciroma ne, haka ɗansa Sanusi a 1953. Alhaji Ado Bayero kuwa, da aka kira shi a 1963, jakadan Nijeriya ne a ƙasar Senegal. Saboda haka masu cewa Galadima shi ne Sarkin gobe sun faɗi abin da ya taɓa faruwa, amma ba doka ba ce, kuma waɗanda suka musa sun fi su gaskiya. Ku koma majalisa ku sha shayinku lafiya.

A zamanin nan namu, bayan gwamnati ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidan yari daga hannun En'e, aka kuma kawo tsarin ƙananan hukumomi a 1976, sarautar ta koma ta girma da shawara. Duk da haka nauyinta yana bin mutumin da ke ɗauke da ita. Wanda ya zauna Kano a zamanin Galadima Alhaji Tijjani Hashim, jikan Sarki Abbas, ya san ƙofar gidansa ba ta rabuwa da jama'a, 'yan kasuwa da 'yan siyasa da masu neman a sasanta su, har ya rasu a 2014. Bayansa aka ɗaga Alhaji Abbas Sanusi daga Wambai zuwa Galadima, ya riƙe har rasuwarsa a watan Afrilu na 2025. Ka lura, Alhaji, ba ɗan Tijjani Hashim aka ba ba.

Abin da ya jawo tambayarka kuwa, ya samo asali ne daga rikicin sarautar Kano da ya taso a 2024, lokacin da majalisar dokokin jiha ta soke dokar masarautu ta 2019, gwamnati ta mayar da Muhammadu Sanusi na biyu Gidan Rumfa, Alhaji Aminu Ado Bayero kuma ya sauka a gidan Sarki na Nassarawa, wanda ba shi da nisa da ku, magana ta tafi kotu. Da kujerar Galadima ta zama babu kowa, sai aka naɗa Alhaji Munir Sanusi Bayero a Gidan Rumfa, aka naɗa Alhaji Sanusi Ado Bayero a Nassarawa. Su biyun jinin Abdullahi Bayero ne, jinin Maje Karofi, jinin Dabo. Wane ne a kan daidai, wannan ba hurumin wannan fili ba ne, na alƙalai ne.

Sauran takardun da suka iso mana, har da ta mai tambaya a kan asalin kasuwar Kurmi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.